Daron Kejetia da Ƙugun Lucy: Kwana Shida a Kumasi

Suna ne ya kai ni Kumasi. 'Yar autar gwaggona, wadda aka haifa kuma ta girma a unguwar Aboabo ta Kumasi, ta sauka bayan naƙudar kwana da yini wadda ta ƙare a ɗakin tiyata, kuma da yake ƙafa ta yi wa mahaifina nauyi, ni aka ɗora wa wakilcin dangin Zariya. Na sauka Akra da hantsi, na shiga motar safa, muka bi ta Nsawam da Nkawkaw da Konongo, tafiyar kilomita kusan 250 da ta cinye mana awa shida. Kafin mu kai Ejisu ƙasusuwan nan biyu da mutum yake zama a kansu sun ishe ni, ina ta muskutawa daga wannan ɓari zuwa wancan. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, ina zana ƙashin ƙugu a allo duk zangon karatu, amma sai a wannan tafiya na kalle shi da kyau, kuma ba a littafi ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Aure ya kawo ta Kumasi tun kafin a haife ni, wurin wani Alhaji ɗan kasuwar goro wanda kakanninsa suka biyo hanyar Gwanja suka zauna, kuma a nan ta yi karatun ungozoma, ta yi aikin asibiti shekara talatin da 'yan kai kafin ta ajiye. Hausarta ta koma ta Zango, amma idan ranta ya ɓaci Zazzagancin nan yake dawowa tsaf. Bayan na yi barka, na ci tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo a wurinmu, sai na tambaye ta abin da ya hana haihuwar zuwa da sauƙi. Ta ce, "Kan ne ya ƙi juyawa, ɗana. Ya shigo ƙofa a karkace kamar yadda ya kamata, da ya zo tsakiya sai ya cije. Da a ƙauye ne, da yanzu wani zancen ake yi ba na suna ba." Na ce ta yi mini bayani. Ta ce in bari hidima ta lafa, abin na nunawa da hannu ne.

Washegari aka haɗa ni da wani jikanta muka tafi Kejetia sayayya. Kasuwar tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma wanda bai san ta ba, idan ya saki hannun ɗan rakiya, to sai dai a haɗu a gida. Da muka gama ciniki yaron ya yafito ɗaya daga cikin 'yan matan nan 'yan dako da ake kira kayayo, kalmar da rabinta namu ne, wato kaya, rabin kuma na ƙabilar Ga ta yankin Akra ne, yoo, ma'ana mace. Yawancinsu daga arewacin Gana suke gangarowa. Wadda ta zo mana siririya ce, ba za ta wuce shekara goma sha takwas ba. Ta naɗe gammo, muka kama mata daron, a cikinsa da buhun shinkafa mai kilo 25 da galan na mai da albasa, ta miƙe ta kutsa cikin jama'a. Ni dai idona yana kan daron don kada ya ɓace mini, kuma a nan na lura da abin da ya tsaya mini a rai. Ta hau matakala, ta kauce wa mai baro, ta tsallake kwata, amma bakin daron yana nan a miƙe, ko ruwa ne a ciki da ƙyar zai zuba.

Daron bai karkata ba ne saboda ƙugun da ke ɗauke da shi bai karkata ba, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Duk takun da mutum ya yi, akwai lokacin da nauyinsa gaba ɗaya yake kan ƙafa guda, ɗayar tana sama, kuma a ƙa'ida ɓangaren da ba shi da madogara ya kamata ya rufta. Abin da yake hana shi tsokoki ne guda biyu da suka taso daga faffaɗan ƙashin gefen ƙugu suka kama kan ƙashin cinya, suna ja kamar igiyar da ke riƙe da rumfa. Mai karatu yana iya gwadawa yanzu: ya miƙe, ya ɗora tafin hannu a gefen ƙugunsa na dama, ƙasa kaɗan da inda tazuge yake zama, ya ɗaga ƙafar hagu, zai ji wata tsoka ta ɗaure tamau a ƙarƙashin hannunsa. Wanda shan inna ya raunana masa wannan tsoka, shi ne za ka ga ƙugunsa yana faɗawa gefe, yana jefa kafaɗa ɗaya ɓangaren don ya rama. A 1986 wasu masu bincike sun auna numfashin matan Luo da Kikuyu a Kenya, suka ga suna iya ɗaukar kaya har kashi ɗaya bisa biyar na nauyin jikinsu ba tare da sun ƙara ƙona ƙarfi ba. Sai dai kayan da muka ɗora wa yarinyar nan sun haura wannan nesa ba kusa ba, kuma da ta sauke na ga yadda ta dafe bayan wuyanta. Na ƙara mata a kan abin da aka yi ciniki, jikan Gwaggo yana harara ta wai ina ɓata musu farashi.

Gidan namun dajin Kumasi yana maƙwabtaka da kasuwar, don haka da muka sa kayan a mota na ja yaron muka shiga. Jemagu ne fal a kan itatuwa, suna rataye kamar 'ya'yan itace, amma ni wurin cimfanzi na nufa, babban birin nan marar wutsiya. Mun daɗe yana zaune ya juya mana baya, kafin wani ya jefa masa ayaba ya taso da ƙafa huɗu, yana dogara bayan yatsun hannu a ƙasa. Da ya cika hannuwa biyu da ayaba sai ya miƙe tsaye ya yi taku biyar ko shida zuwa inuwa. Gwiwa a lanƙwashe, ƙugu a lanƙwashe, ƙafafu a wawware, gangar jikin duka tana rangaji dama da hagu kamar tafiyar agwagwa. Rabin awa da ta wuce na ga yarinya da kilo talatin da wani abu a kai ba ta ko girgiza, ga kuma dabbar da ta fi ta ƙarfin damtse ta kasa kai ayaba inuwa a miƙe.

Bambancin yana cikin ƙashi. Faffaɗan ƙashin ƙugun cimfanzi dogo ne, shafaffe, kamar allon almajiri, guda biyu a jere a gadon baya suna kallon baya. Tsokokin da ke kansa baya suke jan cinya, abin da yake da amfani ƙwarai wajen hawan bishiya, amma ba su da yadda za su tare jiki daga faɗuwa gefe, shi ya sa dole ya jefa nauyinsa duka a kan ƙafar da ta taka. Namu kuwa gajere ne, mai faɗi, ya lanƙwaso ta gefe zuwa gaba kamar ƙwarya, sai tsokokin nan suka dawo gefe. Gajartar ta kuma sakar wa ƙashin baya wuri ya yi lanƙwasar nan ta kwankwaso wadda take dawo da ƙirji da kai daidai saitin ƙafafu. Da na koma gida na ce wa Gwaggo na je gaida gwaggon biri, sai ta ce in ci gaba, ranar da zan tafi shi zai ɗaure mini tsaraba.

A daren nan, bayan sallar isha, ta cika alkawari. Ta jawo wata tsohuwar akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da ƙashin ƙugu na roba wanda ya yi ja don tsufa, da 'yar tsana mai kan fata, irin waɗanda take koya wa ɗalibai da su. Ta nuna mini inda ƙasusuwa uku na kowane ɓari suke haɗuwa a ramin da kan cinya yake shiga, waɗanda ba sa gama manne wa juna sai bayan balaga, da ƙashin tsakiya na baya wanda gaɓoɓin ƙashin baya biyar ne suka narke suka zama ɗaya. Na ce mata sunan da likitoci suke kiran abin da shi daga Latin ne, kuma ma'anarsa daro. Ta ce daron da gindinsa ya ɓule dai.

Sannan ta ɗauki 'yar tsanar. Ƙofar sama, in ji ta, ta fi faɗi daga gefe zuwa gefe, wajen santimita 13, daga gaba zuwa baya kuwa wajen 11. Kan jariri ba zagayayye ba ne, ya fi tsawo daga goshi zuwa ƙeya, saboda haka sai ya shigo yana kallon cinyar uwar. Da ya gangaro tsakiya, sai ga wasu ƙayoyin ƙashi biyu daga hagu da dama, tsakaninsu santimita 10 ko kusa da haka, alhali faɗin kan daga gefe zuwa gefe ya kai tara da rabi. A nan hanyar ta canza, tsawonta ya koma gaba da baya. Ta murɗa kan 'yar tsanar a hankali da yatsu biyu, kamar mai buɗe kwalba, har ƙeya ta dawo gaba fuska ta kalli baya, ta zura shi ya fito, sannan ta sake murɗawa don kafaɗu su bi ta inda kan ya bi. Ta maimaita sau uku, a na huɗu ta tsayar da kan a karkace tsakanin ƙayoyin nan ta danna, robar ta yi ƙara. Ta ce, "Ka ga inda ƙanwarka ta kwana."

Abin da ya biyo bayan wannan juyi shi ne yawancin jariran mutane suna fitowa fuskarsu tana kallon bayan uwar. Yawancin birai kuwa ɗan yana fitowa yana kallon uwar, ta sa hannu ta jawo shi zuwa ƙirjinta, ta share masa baki, ita kaɗai a kan reshe. Mace ba ta da wannan damar cikin sauƙi, domin idan ta jawo shi gaba za ta lanƙwasa masa wuya ta inda bai kamata ba, kuma ba ta ganin ko cibiya ta naɗe shi. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Karen Rosenberg da Wenda Trevathan, sun daɗe suna cewa wannan ne ya sa kusan ko'ina a duniya mai naƙuda take neman wanda zai tsaya mata. Da na faɗa wa Gwaggo cewa a ganinsu sana'arta tana cikin mafiya tsufa a duniya, ta ce ba ta buƙaci Baturiya ta gaya mata ba.

Daga nan ni na karɓi zancen, na buɗe hotuna a waya. Na fara da ƙashin da Robert Broom da John Robinson suka tono a kogon Sterkfontein na Afirka ta Kudu a 1947, wanda ya nuna ƙugu gajere mai faɗi a jikin halittar da kanta bai fi na biri da yawa ba. Sannan na nuna mata Lucy, wato ƙasusuwan wata tsohuwar halitta mace mai tafiya da ƙafa biyu, wadda Donald Johanson ya tsinta a Hadar, yankin Afar na Habasha, a watan Nuwamba na 1974. Shekarunta miliyan 3.2, tsawonta bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, an samu wajen kashi 40 cikin ɗari na ƙwarangwal ɗinta, kuma cikin sa'a har da ɓarin ƙugu na hagu da ƙashin tsakiya na baya. Habashawa Dinkinesh suke ce mata. Ƙugun ya zo a farfashe, Owen Lovejoy ne ya harhaɗa shi, kuma da aka gama sai ga ƙwarya, ba allo ba. Ƙashin cinyarta ma ya karkato ciki zuwa gwiwa kamar namu, yadda ƙafa za ta sauka a ƙarƙashin jiki. Irin nata, Australopithecus afarensis, su ake dangantawa da sawun da tawagar Mary Leakey ta gano a 1978 a Laetoli ta Tanzaniya, sawun ƙafa biyu a kan tokar dutse mai aman wuta, mai shekara wajen miliyan 3.6, dunduniya ta nutse, babban yatsa a jere da 'yan'uwansa. Gaba da su kuma akwai Ardi, mai shekara miliyan 4.4, wadda aka samu a Aramis ta Habasha aka bayyana ta a 2009: saman ƙugunta ya fara gajarta irin na mai tafiya, ƙasan yana nan irin na mai hawan bishiya, babban yatsan ƙafarta kuma a ware yake don kama reshe.

Abin da na fi so Gwaggo ta gani shi ne jerin abubuwan. Ƙwaƙwalwar irin Lucy tana tsakanin santimita kubik 400 zuwa 500 ko sama kaɗan, ta cimfanzi wajen 400, tamu kuwa wajen 1,350. Ke nan ƙugu ya riga kai da nisa. Tafiya da ƙafa biyu ce ta fara sassaƙa ƙashin, babban kai daga baya ya zo ya tarar da ƙofa an riga an gina ta don wata buƙatar daban. Wani bincike da aka fitar daga Jami'ar Harvard a 2025 ya bi sawun abin har cikin mahaifa, ya nuna cewa a jikin ɗan tayin mutum guringuntsin da wannan ƙashi yake tsirowa daga gare shi yana girma ne a kwance, ta faɗi, alhali a sauran birai a tsaye yake girma, ta tsawo.

Gwaggo ta karɓi wayar ta ƙura wa ƙugun Lucy ido, ta buɗa hoton da yatsu. Ta ce wannan ai a baje yake, faɗi ta gefe, matsi ta gaba da baya, tun daga sama har ƙasa. Na ce haka ne, shi ya sa a 1986 Lovejoy da Robert Tague suka ce mai yiwuwa jaririnta a karkace yake shiga, a karkace yake fita, ba tare da juyin nan ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To kafaɗun fa? Kai ya wuce a karkace, kafaɗa a gicciye take da kai. Sai dai idan 'ya'yansu ba su da kafaɗa." Na yi dariya, domin wasu masanan sun yi wannan tambayar daga baya, suka ce ko don kafaɗu dole jaririn ya ɗan juya. Ita ba ta karanta su ba, hannunta ne ya sha kamo kafaɗar da ta maƙale da tsakar dare.

Duk wannan hira Alhaji yana kishingiɗe yana jan carbi. Can sai ya gyara murya ya ce, "Malam, wannan Lusin taka, ina ka ajiye Annabi Adamu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni labarin ƙasusuwa nake bayarwa. An tono su, an auna shekarun tokar da ke samansu da ƙasansu, ana ajiye da su a Addis Ababa, kuma masu wannan fanni suna ɗaukar su a matsayin dangin da jikinmu ya biyo. Yadda za a jera wannan da abin da muka ɗauka a gaban malamai, magana ce da ta fi ƙarfin malamin sakandare." Ya ce Allah ne masani, muka ce haka ne. Amma bai bar zancen ba, sai ya tambayi dalilin da ya sa kullum Habasha da Kenya, ba a taɓa cewa an tono a Asante ba. Na ce ƙasar kurmi mai ruwa da tsami cinye ƙashi take yi, can kuwa ƙasa ta tsage ta bankaɗo tsofaffin shimfiɗu, ga toka mai riƙe ƙashi wadda kuma ake iya auna shekarunta. Cikin irin waɗannan tsofaffin ƙasusuwa, wanda aka tono mafi kusa da ƙasashenmu shi ne ƙoƙon kan da aka samu a hamadar Djurab ta Chadi a 2001, wanda aka raɗa wa Toumaï, mai shekara wajen miliyan 7, amma ba a samu ƙugunsa ba.

Ranar suna na zauna kusa da wanzami. Ya jiƙa kan jaririn da ruwan ɗumi, ya bi shi da aska a hankali, da ya iso maɗiga sai ya sassauta hannu, ya bi ta gefe. Ina kallon wurin yana motsi, yana ɗagawa yana sauka da bugun zuciya. Ƙasusuwan kan jariri ba a manne suke ba, a lokacin naƙuda suna iya matsowa har gefen wani ya hau kan wani, shi ya sa ɗan da ya daɗe a hanya yake fitowa da kai mai tsini, kwana kaɗan ya koma daidai. Kan wannan yaron ma, in ji Gwaggo, da alamar inda ya cije ya fito. Kuma duk da wannan wahala, ƙwaƙwalwar da ɗan mutum yake zuwa da ita ba ta kai kashi ɗaya bisa uku na ta babba ba, alhali ta ɗan cimfanzi ta kai wajen biyu bisa biyar. Saura a waje ake ƙarasawa, a bayan uwa, cikin zanen goyo.

Bayanin da nake koya wa ɗalibaina shi ne wanda Sherwood Washburn ya kawo a 1960: tafiya tana son ƙugu matsattse, haihuwa tana son buɗaɗɗe, sai aka raba gardama, aka haifi ɗan tun bai nuna ba. Magana ce mai daɗin faɗa a aji, amma tun da na ga daron nan na Kejetia na fara jin ta ba ta cika ba. Idan faɗin ƙugu yana rage wa mace iya tafiya, to wa ke dakon rabin kayan kasuwar nan daga asuba zuwa magariba? A 2015 Anna Warrener da abokan aikinta sun auna maza da mata suna tafiya da gudu, ba su ga cewa mai faɗin ƙugu ya fi ƙona ƙarfi ba. Kafin nan, a 2012, Holly Dunsworth ta kawo wata fassarar, cewa naƙuda tana zuwa ne a lokacin da buƙatar ɗan tayin ta kai iyakar abin da jikin uwa zai iya ciyarwa. Wasu kuma sun ce abin da ya hana ƙofar ƙara faɗi shi ne naman da ke shimfiɗe a gindin daron, wanda a jikin mai tafiya a tsaye shi yake tallafe da hanji da mafitsara da mahaifa mai wata tara, kuma iya faɗin ramin iya wahalar riƙewa. Wannan na ƙarshe shi ya fi kwanta wa Gwaggo, domin ta ga matan da haihuwa da yawa da dakon kaya masu nauyi suka sa mahaifarsu ta zazzago. Ni a ganina matsin gaskiya ne, wanda ya ga robar nan ta yi ƙara ba zai musa ba, amma ɗora wa tafiya laifin duka ya yi sauƙi da yawa.

Da la'asar, mata suna ta rabon waina da wake da shinkafa, Gwaggo ta samu sarari ta ƙara mini wani abin da ba ya cikin ƙasusuwan Hadar. Ta ce yawancin doguwar naƙudar da ta gani ba ta miliyoyin shekaru ba ce, ta shekara goma sha biyar ce: yarinyar da yunwa ta tsumbure tun tana ƙarama, ko wadda ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba, domin ƙashin yana ci gaba da girma bayan an fara al'ada. Kan ɗan ya danne mafitsara a jikin ƙashi kwana biyu, naman ya mutu, sai yoyon fitsari. Ta kuma ce hoton ƙugun da ke littafin da aka koya musu da shi sau da yawa bai yi kama da na matan da ta duba ba. Na gaya mata cewa a 2018 Lia Betti da Andrea Manica sun auna ƙwarangwal na mata daga sassan duniya, suka ga siffar hanyar haihuwa ta bambanta ƙwarai daga wata al'umma zuwa wata, ta matan Afirka kudu da Sahara ta fi zurfi daga gaba zuwa baya, littattafan kuwa galibi a kan matan Turai aka gina su. Ta ce to, ashe ba idonta ba ne.

Kwana ɗaya ya rage mini, sai samarin gidan suka kai ni tafkin Bosumtwi, wajen kilomita 30 kudu maso gabas da gari. Hanya ta hau tudu sannan ta gangara cikin wani ƙaton rami zagayayye da ruwa kwance a gindinsa. Dutse ne daga sama ya faɗo ya haƙa shi, shekara miliyan ɗaya da 'yan kai da suka wuce, kuma ina tsaye a bakin ruwan na tuna cewa wannan ramin kusan sa'an wani ƙugu ne da aka tono a Gona ta Habasha, aka bayyana a 2008. Waɗanda suka same shi sun ce na macen Homo erectus ne, wani tsohon jinsin mutum, ƙugu mai faɗi, mai ƙofar da ta fi ta Lucy zagaye, wadda jariri mai babban kai zai iya bi, ko da yake akwai masu ja da su a kan irin da ya fito. Kafin shi, ƙwarangwal ɗin wani Homo erectus da ake kira yaron Turkana, wanda Kamoya Kimeu ya gano a Kenya a 1984, mai shekara wajen miliyan 1.5, shi ya sa aka ɗauka irin nan siririn ƙugu gare su, amma shi namiji ne, kuma yaro. Ƙugun da aka samu a Atapuerca ta Sifaniya, mai shekara wajen 430,000, shi ma faffaɗa ne ƙwarai. Ashe faɗi shi ne tsohon yayi, ɗan matsattsen daron da muke yawo da shi, da murɗaɗɗiyar hanyar da Gwaggo ta nuna mini, su ne baƙi.

Da safe Gwaggo ta ce sai ta raka ni tasha da kanta. Tsarabar ta yi yawa, huhun goro daga Alhaji, da garin rogo, da atamfa ta matan gida, don haka a bakin Kejetia muka sake kiran kayayo. Wadda ta zo wannan karon da goyo a bayanta, ɗan wata biyar ko shida, kansa yana lilo. Muka kama mata daron, ta ɗan tura ƙugu gaba ta gyara zaman goyon, ta wuce gaba. Gwaggo ta bi ta a gefe tana yi mata tambayoyi da Hausa da Turancin kasuwa, shekarunta nawa, a ina ta haihu, kwana nawa ta yi tana naƙuda, wa ya karɓi haihuwar. Yarinyar tana amsawa ba tare da ta juyo da kai ba, ta ce a garinsu ne can arewa, kakarta ce ta karɓa, tun dare har hantsi. Da muka isa mota aka sauke kayan, Gwaggo ta sa hannu ta shafa maɗigar yaron, ta kwatanta wa uwar gidanta a Aboabo, ta ce idan ta sake samun ciki ta zo a duba ta tun da wuri. Kwandasta yana ta buga jikin mota yana kiran Akra, na shiga na nemi kujerar da ta fi laushi.